Tsaya, Maimaita

A shagon tabarau take aiki, amma in ka tambaye ta sana'arta sai ta ce maka marubuciya ce. Tana da shafi a intanet, abin nan da ake kira bulog, inda duk Alhamis take saka labari ɗaya na zaman gida. Shekaru ta yi a haka ba fashi. Ba wani abin kirki shafin ke kawo mata ba, sai dai mutanen da ba ta taɓa gani ba suna rubuto mata cewa ta sa su dariya a wurin aiki, wannan kuwa yana yi mata daɗi fiye da yadda take yarda.

Yadda take samo abin rubutawa shi ya ba ta sunan da ya bi ta. In ana hira wani ya faɗi magana mai daɗi, sai ta ɗaga hannu ta ce a tsaya, a maimaita, ɗayan hannun kuma ya riga ya kai ga waya. Tun 'yan uwa na dariya har suka laƙaba mata Maimaita. Daga baya dariyar ta ragu. Mijinta ya koma ba ta labarin ofis a gutsure, ƙanwarta kuwa in za ta yi zancen surukarta sai ta fara leƙa inda wayar take.

Baba ne kaɗai bai gane ba, shi ne kuma rijiyarta. Direban bas ne da ya yi ritaya, yana zaune a ɗakin baya na gidanta tun rasuwar mahaifiyarsu. Bakinsa ba ya hutawa. Ya san kowace kwana ta garin, da wadda aka toshe da wadda aka canza wa suna, yana kuma da ra'ayi a kan duk wani direba da aka haifa bayansa. Masu karatu sun san shi da Tsohon Direba, har gaisuwa suke aiko masa, ita ce dai ba ta isarwa.

Asirin ya tonu a shagon mai aski. Wani mutum ya ciro waya ya karanta wa jama'a labarin wani tsoho da ya ajiye haƙoransa na roba a kofi, ya saka a firiji, aka wuni ana nema. Aka yi ta dariya. Baba na kan kujera da zanen aski a wuya, yana jin kalar kofinsa da irin tsakinsa a bakin baƙo. Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya dai tambaye ta ko cikin masu dariyar nan akwai wanda ya taɓa ciyar da ita, sannan ya shiga ɗaki ya ja ƙofa.

Daga nan rijiya ta ƙafe. Yana amsa gaisuwa, yana cin abinci, yana cewa an gode, shi ke nan. Ita kuma Alhamis ba ta daina zuwa ba. Ta bi duk shawarar da ake ba masu shafi: ta tambayi masu karatu me suke so, suka ce Tsohon Direba. Ta tono tsofaffin rubuce-rubucenta ta sake musu riga. Ta rubuta a kan tsaftace tabarau, a kan jiran mota, har a kan rashin abin rubutawa, wanda ko ita ba ta iya karanta shi har ƙarshe ba. A shago takan tsaya tana goge gilashin da ta riga ta goge, tana kasa kunne ko wani mai saye zai yi suɓutar baki, amma mutane farashi kawai suke tambaya. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Abin da ya fi cin ranta kuma, ta kasa tantance ko muryar Baba take kewa ko labaransa.

Wata Laraba da la'asar ta dawo ta same shi a kicin, zaune a kan kujerar roba, da ledar burodi a cinya. Takalmansa ma bai cire ba. Ta gaishe shi ta wuce za ta ɗora ruwa.

"Uwata," ya ce, sunan da ya daɗe bai kira ta da shi ba. "Yau na fito daga shago na rasa hanyar gida. Ni. Na tsaya a bakin titi ina kallon motoci, kowacce ta san inda za ta."

Kafin zuciyarta ta ji, kunnenta ya riga ya ji daɗin maganar. Hannu ya ɗagu da kansa.

"Tsaya Baba, maimai..."

Ta haɗiye sauran, amma ya riga ya ga hannun, ya kuma ga ɗayan a bakin jaka. Ya dube ta, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Ya miƙa mata burodin ya tashi. Kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Washegari shafin bai fita ba, haka ma Alhamis ta gaba. Wasu suka tambayi lafiya, daga baya suka daina.

Tare da ƙanwarta ya je asibiti, ita ce kuma ta gaya mata abin da likita ya ce: ciwon mantuwa ne ya fara kama shi. Maimaita ta koma raka shi shago kullum da yamma, yana gaba tana baya. Ta ba shi haƙuri ya fi a ƙirga, ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da ke rufe zance.

Ciwon ne ya shirya su. A hankali ya manta shagon mai aski, ya manta kofin, ya manta yana fushi da ita. Bakin ya sake buɗewa. Yanzu da ta shigo zai jawo ta ta zauna, ya ba ta labarin ranar da birki ya ƙwace masa a gangare da mota cike, ya tsayar da ita da canjin giya kawai. Yakan ba ta da safe, ya ba ta bayan azahar, wani lokaci ya gama ya sake ɗaukowa kafin shayinsa ya huce. Wayar tana can cikin jaka a ɗaki.

Wani lokaci yana tsaka da labarin sai ya dakata, ya ƙura mata ido kamar wanda ke zargin kansa.

"Wannan na taɓa gaya miki ko?"

"A'a Baba," takan ce, ta gyara zama. "Ban taɓa ji ba."