Kibiyoyin Manaja Duk a Kaina

A gidan ruwan ledar da na yi aiki a Mubi, akwai wata doka da ba wanda ya gaya min: duk abin da aka ga ka iya, ya zama naka har ka bar aikin. Direbanmu, wanda muke kira Hamma, sau ɗaya ya taɓa gyara ƙofar banɗaki. Har na bar gidan, in ƙofar ta cije shi ake kira, ko yana kan hanyar Sorau da kaya.

Ni kuwa ba na iya zama in kalli mutum yana jagwalgwala abu. In na ga ana fama da naɗin leda a inji, sai in ce a matsa. Haka na koyi saka leda, da daidaita zafin da ke liƙe bakinta, da wanke matatar ruwa.

Wata rana manajanmu ya dawo daga taron bita a Yola da faffaɗan kwali da alƙalamin maka. Ya tara mu ya ce zai zana taswirar ilimin gidan. Kowane aiki zai yi masa akwati, kowane ma'aikaci da'ira, sannan ya ja kibiya daga aiki zuwa wanda ya iya shi. Ya ce da haka za a ga inda ilimi ya taru da inda babu.

“Wa ya iya saka leda a inji?”

Kowa ya kalli ƙasa. Adda, wadda ta girme mu duka, kuma tana gidan tun kafin a sayi injin, ta shiga gyara ɗankwalinta.

“Adda, ke fa?”

“Ni? Ranka ya daɗe, ni ɗaure jaka kawai na sani. Inji tsoro yake ba ni.”

Zafi ya dame ni, ina so a tashi, sai na ce na iya. Ya ja kibiya. Zafin liƙi? Na iya. Matata? Na iya. Da aka gama, da'irata ta koma kamar bushiya. Hamma ya samu tuƙi da ƙofar banɗaki. Aka manna kwalin a bango kusa da agogo.

Ana nan sai bikin yayata ya matso, a Michika za a yi, ni ce kuma mai riƙe mata kaya. Na nemi hutu. Manaja bai ko kalle ni ba, kwalin ya kalla.

“In kika tafi gidan nan ya tsaya. Ga shi a zane. Koya wa wani, sai ki tafi.”

Na kama Adda. Kwana da kwanaki ina nuna mata. Ta saka leda a juye. Ta tambaye ni ina makunni yake alhali hannunta yana kansa. In na ɗaga murya ta ce, “Yi haƙuri ƙanwata, kaina ya tsufa.” An riga an ɗinka min anko, Inna kullum sai ta tambaye ni ranar tafiya.

Ranar da haƙurina ya ƙare, na samu Hamma yana wanke mota na ce, “Wai kafin in zo gidan nan, aljanu ne ke saka leda?”

“Wane aljanu? Adda mana. Ido rufe take sakawa.” Ya ci gaba da wanki.

Na shiga ofis ko sallama ban gama ba. Na ce wa manaja tambayarsa ce ba daidai ba. A gidan nan ba mai faɗin abin da ya iya. Na ce ya kira su ɗaya-ɗaya, ya rufe ƙofa, ya tambayi kowa abin da ɗan'uwansa ya iya.

Ya ce ba haka aka koya musu a Yola ba. Na ce a Yola ba su san Adda ba.

Ya gwada. Ban taɓa ganin mutane masu son taimaka wa bincike irin na ranar ba. Hamma ya ba da Adda. Adda ta fito ta gane wanda ya ba da ita, ta koma ciki da kanta ta ce Hamma ya iya janareto, ya iya famfon burtsatse, har walda yana taɓawa. Mai gadi ma aka gano ya iya wanke matata. Sai da manaja ya aika aka sayo sabon kwali.

Aka ba ni hutuna. Ina ɗaukar jakata Adda na tsaye a gaban inji, ta zura leda cikin ƙiftawar ido, ba ta ko duba hannunta ba.

“Ke yarinya, Allah ya isa,” ta ce. “Ki gai da amarya. Ki kawo min cincin.”

An yi biki lafiya. Wayata ba ta yi ƙara ko sau ɗaya daga wurin aiki ba.

Da na dawo na tarar da sababbin kibiyoyi a kan kwalin. Kafin in dawo Adda ta koya wa ’yan mata biyu saka leda, da tsawa da zungura, ta kai su gaban manaja ya gwada su, ta tsaya a kansa har ya zana. Ita ta koma ɗaure jaka. Na miƙa mata cincin, ta ce ya yi kaɗan.