Irin Nonon Hajjo

In ka tambayi masu shagunan gefen Babbar Kasuwa wace ce Hajjo, za su ce maka ita ce matar nan mai kindirmo da ke zama kusa da ƴan yadi, wadda in ka kafa cokali cikin nononta sai ya tsaya. Halinta kuwa ba su faɗinsa da ƙarfi, don suna son gobe ma ta auna musu.

A Tawa aka haife ta. Aure ne ya kawo ta Yamai, gidan Tanimu direban taksi, can Kirkissoye ƙetaren kogi. Ranar da za a tafi da ita, uwarta ba ta da wani abin kirki na ba ta, sai ta miƙa mata ƙaramar ƙwarya rufe da faifai, da ɗan nono a ciki. Shi ne iri. Kowace mai kindirmo ta san aikinsa: a dafa madara, a bari ta huce, a zuba ludayi guda na nonon jiya, a rufe, gari ya waye ta kama. Daga na jiya ake samun na yau, daga na yau na gobe. Tsohuwar ta ce ita ma wajen tata uwar ta karɓa, kuma kada Hajjo ta yarda ya yanke a hannunta. Ba a jima ba tsohuwar ta rasu, ya zama duk abin da ya rage wa Hajjo na gidansu yana cikin ƙwaryar nan.

Ta riƙe shi kuwa, riƙon da ya wuce misali. Al'adar masu sana'ar ce in irin wata ya lalace ta aika gidan ƴar'uwarta a sammata. Hajjo ba ta cikin wannan zumunci. Akwai wata Delu, ƴar Maraɗi mazauniyar Kalley, da mijinta ya mutu ya bar ta da yara, ta so ta fara sana'ar. Ta tako har kasuwa, ta durƙusa ta gaida Hajjo, ta roƙi ɗan iri. Hajjo ta dube ta sama da ƙasa ta ce gadon uwa ba abin rabo ba ne. Delu ta tashi da kunya. Daga baya dai ta kafa nata teburin a Kalley, Hajjo kuma ta shekara ashirin tana cewa farin ruwa ake sayarwa a can, ba tare da ta taɓa ɗanɗanawa ba.

Wajen tsafta, Hajjo tana da nata ilimin. Abin da ido ya gani shi ne datti. In ƙuda ya faɗa nono ta cire shi, magana ta ƙare. Ruwan da take sirka nonon fura da shi daga randar tsakar gida yake, mai moɗa guda da kowa ke tsomawa, har mai ga-ruwa. In rediyo ya fara zancen mikrob, ƙwayoyin cutar nan da ido ba ya gani, sai ta yi tsaki.

"Zancen ƴan lakkwal," in ji ta, wato ƴan boko. "Abin da ba shi da kai, ba shi da ƙahwa, shi za ya kada mutum? Mu da munka sha ruwan tabki munka girma?"

Wata damina kogi ya cika, ruwa ya kwanta a lungunan Kirkissoye, abin da ba shi da kai ba shi da ƙafa ya kada ta. Zazzaɓi ya ƙi sauka, ciki ya ƙi zama. Ta sha saɓara, ta sha jiƙo, daga ƙarshe Tanimu ya sa ta a bayan taksi ya kai ta likita, aka ce taifot ne, aka ɗaura mata ruwa. Tana kwance, rai a hannun Allah, abin da take maimaitawa guda ne: Tanimu ya koma gida ya zuba iri cikin sabuwar madara. Ya yi ta yi kuwa kullum, yana ƙunƙuni cewa bai taɓa ganin jinyar mutum biyu a lokaci ɗaya ba.

Da ta fara jin sauƙi, bakin ya dawo. Ta tare Nassirou, mai aikin awo a ɗakin gwaji, ta ce ita dai ta san baki ne na maƙiya, su daina ɗora wa ruwanta laifi. Nassirou mutum ne mai haƙuri. Ya sa Tanimu ya kawo ɗan ruwan randar a kwalba, ya shirya shi a kan gilashi, ya kira ta ta sa ido a madubin awo. Ta daɗe a sunkuye.

"Su wane ne waɗanga da ka motsi?"

"Baƙinki ne, Inna. Cikin randarki suke."

"Tun yaushe?"

"Sun daɗe. Ku tafasa ruwa, ku wanke hannu da sabuni, ku sa ɗan jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayar cuta, wurin wanke kaya."

Gani ya kori ji. Hajjo ta fito daga ɗakin nan, rabi tsoro, rabi haushin an zauna mata a gida shekara da shekaru ba sallama.

Ita kuma ba ta iya yin abu rabi-rabi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, amma Hajjo ba gudu ta yi ba, yaƙi ta ɗaura. Ta fasa randa, ta sayi bokiti mai murfi. Ta wanke ƙofa da jabel, ta wanke tabarma, ta wanke sitiyarin Tanimu har fasinjoji suka riƙa tambaya ko gawa ya ɗauko. Baƙuwa in ta zo barka da sauƙi, buta da sabulu ke fara gaishe ta. Kuma gaskiya dai, abin ya yi rana. Ciwon cikin da Tanimu ya yi shekaru yana kira basir ya ɓace, jikokinsu suka daina gudawar da ake cewa ta haƙora ce ko da yaro ya gama haƙora. Hajjo ta ga nasara, kanta ya ƙara girma, ta shiga wa'azi a kasuwa kamar ita ta gano mikrob a duniya.

Sai wata safiya idonta ya faɗa kan ƙwaryar iri. Tsohuwar ƙwarya ce, ta yi baƙi, sabulu bai taɓa shiga cikinta ba tun daga Tawa. Ta tsaya tana kallonta. In randa mai ruwa garau tana da waɗancan baƙi, ina ga wannan? Ta juye irin duka a tukunya, ta hura wuta ta tafasa shi har ya yi kumfa, don ya tsarkaka. Ƙwaryar kuma ta wuni cikin jabel. Ta zuba tafasasshen iri cikin madara, ta rufe, zuciyarta fes.

Gari ya waye madara na nan yadda aka bar ta, tsululu. Ta ƙara mata wuni, sai ta tsinke, ta yi wani wari da ba na nono ba. Ta zagi Fulanin da ke kawo mata madara. Ta sake dafa wata, haka. Ta ce to wannan karon dai baki ne, ba makawa. Tanimu ne ya ce tunda yaron nan ya ga abin da ke cikin randa, ƙila ya ga abin da ke cikin tukunya.

Nassirou ya saurare ta har ta kai wurin tafasa iri, sai ya dafe kai.

"Inna, ai ma'aikatanki kika dafa. Mikrob ne ke kama miki nono."

"Kai yaro, kiyaye ni. Shekara talatin ina ba Musulmi mikrob suna sha?"

"Suna sha, suna ƙiba. Ba duka ne mugaye ba. Akwai masu kada mutum, akwai masu yi masa aiki. Su ne cikin ƙullun masa, su ne cikin daddawa. Na ƙwaryarki masu rai ne, tun na wajen kakarki suke haihuwa."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta zaunar da ita. Ashe abin da uwarta ta damƙa mata mai rai ne, kamar akuya, ta yi ta kiwonsa ba ta sani ba, sannan ta yanka shi da hannunta saboda tsafta. Ta yi kuka a bencin likita, kukan da ba ta yi ba lokacin da take kwance.

Nassirou ya ce ta sayi yawurt na kanti ta yi sabon iri. Ta yi. Ya kama, ba laifi, amma masu shaguna suka kurɓa, sai wani ya ce, "Hajjo, yau baƙuwa ta yi miki?" Ita ma ta san ba shi ba ne. Na uwarta yana da ɗan tsami a baya-baya, da ƙamshin da ba ta san sunansa ba. Ciniki ya ja baya, amma ba cinikin ne ya hana ta cin abinci ba.

Tanimu ya gaji da ganin ta zugum. Ya ce mata masu shagunan yanzu Kalley suke aikawa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta yi kwanaki tana cewa gara ta mutu. Sannan wata hantsi ta yafa mayafi, ta haye gada, ta tsaya gaban teburin Delu da kofi a hannu, tana kallon wani gefe.

"Yaya Hajjo, sannu da zuwa. Mun ji ba ki ji daɗi ba."

"Da sauƙi. Iri ni ka so. In ba ki badawa, ki hwaɗi in tahi."

Delu ta miƙe. Ta wanke hannu, ta ɗebi ludayi guda ta zuba mata. Hajjo ta kai baki don ta samu abin kushewa. Tsamin nan na baya-baya ya taso mata, da ƙamshin ɗakin uwarta a Tawa. Ta ɗago ta dubi Delu.

"Ina kinka samu wanga?"

"Wurinki. Ranar da kika hana ni, na zagaya na ba wata mata kuɗi ta sayo mini nononki, na zuba a madarata. Ai duk wanda kika auna wa, iri kika auna masa. Ni kuma duk wadda ta roƙa ina ba ta. Rabin masu nonon Kalley na tsohuwarki suke yi, har Gamkalle ya kai."

Hajjo ta buɗe baki za ta ce ɓarauniya, kalmar ta ƙi fita. Ta kwance bakin zane za ta biya, Delu ta riƙe mata hannu.

"Haba Yaya. A sayar wa mutum da kayan uwarsa?"

Hajjo ta share ido da gefen mayafi, ta sake kurɓa kaɗan, ta rufe kofin da kyau.

"Kin bari ya yi tsami da yawa," ta ce. "Inna ba ta barin shi haka. Gobe in zo in gwada miki."