Ƙwayar Mudi a Gefen Dabino

Duk wanda ya taɓa shan ruwa a shimfiɗar unguwarsu, can gefen Gadarif a ƙasar Sudan, inda hanyar Doka ke fita daga gari, ya ga abin da Mudi yake yi kafin ladan ya kira magariba. Yakan zauna a ƙarshen tabarma, ya ajiye dabino a gabansa, sannan ya zaro farar ƙwayar magani daga aljihun jallabiya ya ajiye ta gefen dabinon, inda kowa zai gani. Idan baƙo ya tambaye shi ko ciwon suga ne, sai ya ce a'a, na ƙwaƙwalwa ne, ya miƙa masa kofin hilu-mur, abin shan azumi na tsirarriyar dawa.

Mudi makanikin tarakta ne. Kakanninsa Hausawa ne, sun fito daga yamma da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare musu a wannan baƙar ƙasa, suka zauna noman dawa. Shi kuwa tun yana saurayi hannunsa ya fi karkata ga ƙarfe. Da damina yana gandayen yankin Simsim, ƙarƙashin injina, da rani yana rumfarsa a bakin hanya.

Ciwon ya fara masa ne a wata kakar yankan riɗi. Barci ya ƙaurace masa, shi kuma bai ji ya rasa komai ba. Ya riƙa magana ba tsayawa, yana dariya, yana ba da duk abin da ke jikinsa. Ya kwance injin wata tarakta mai lafiya, ya baza sassanta a kan buhu, ya ce zai mayar da ita ta yi tafiya ba da gas ba. Mai gandu ya sa aka kawo shi gida a bayan lori. Bayan wannan hawan sai saukar ta zo: ya shiga bukka ya juya fuska ga bango, ya yi watanni ko sallama ba ya amsawa.

Maƙwabta suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Mahaifiyarsa, Inna Atine, ba ta yi gardama da kowa ba. Ta karɓo masa rubutu ya sha, kuma ta ɗauke shi a raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta kai shi asibiti. Likitan ya faɗi sunan cutar da Larabci, ya ce tana ɗaga mutum sama ta kuma jefar da shi ƙasa, ba ta warkewa gaba ɗaya amma ana zama da ita lafiya, muddin ba a bar magani ba. Safe da yamma. Mudi ya kama sha, ya koma rumfarsa. Sai dai a ɓoye yake sha, bayan bukka, kamar mai laifi.

Da azumi ya zo sai ya shiga tsaka mai wuya. Ƙwayar safe tana karya azumi. Ta yamma kuma lokacinta yakan same shi a shimfiɗa cikin maza, domin a nan namiji ba ya buɗe baki a cikin gida. Kowane gida yakan fito da siniyarsa, wato babban tiren abinci, titi a ci tare, daga nan a wuce masallaci. Kunya ta hana shi tambayar likita, ta hana shi haɗiye ƙwaya gaban mutane. Ya ce a ransa wata ɗaya ne kawai, ya ajiye maganin. Ba a kai Sallah ba aka kamo shi a kasuwar amfanin gona, ya hau kan tulin buhuna yana wa 'yan dako huɗuba. Da igiyar ɗaure kaya aka kai shi asibiti. Har yau akwai tabonta a wuyan hannunsa.

Da ya dawo hayyacinsa, likitan ya tambaye shi me ya hana shi zuwa tun kafin azumi. Ya mayar masa da maganin magariba da sahur, ya ce nasa ciwon yana jure haka, na wasu kuma ba ya jurewa, su sai su ajiye azumin kamar kowane marar lafiya. Abin bai wuce haka ba. Mudi ya daɗe yana jinjina yadda ƙaramar tambaya ta jawo masa igiya. Duk da haka ya ci gaba da ɓoyewa. Yakan ce zai zagaya, ya je bayan katanga ya haɗiye.

Abin da ya fito da ƙwayar fili mutuwar Osama ce. Saurayi ne a unguwar, mai karatu, mai ladabi. Sun sha haɗuwa da Mudi a bencin asibiti, kowa ya kawar da kai kamar bai ga ɗan'uwansa ba. A wani azumi na tsananin zafi Osama ya bar maganinsa, bai gaya wa kowa ba. Ya fita daga gida da rana tsaka, aka same shi a gefen hanyar Doka, rai ya yi halinsa. A wurin makoki aka ce zazzaɓi ne ya taɓa masa kai. Mudi yana zaune a wurin, ya san da shi ya yi wa yaron magana sau ɗaya a kan bencin nan, da amsar da ya samu wurin likita ta isa gare shi.

Da aka tashi makoki aka koma shimfiɗa, sai ya ajiye ƙwayarsa gefen dabino. Modibbo, dattijon da ke kula da shimfiɗar, ya tambaye shi mene ne wannan. Mudi ya faɗa masa, bai rage murya ba. Mahaifin Osama ya dubi ƙwayar ya daɗe. Washegari ya ɗauko siniyarsa ya ajiye kusa da Mudi, kuma nan yake ajiye ta har yanzu.

Abin bai zo da sauƙi ba. Wasu masu gandu suka kwashe taraktocinsu suka kai wani wuri. Galibinsu sun dawo da damina ta matso. Yara suka sa masa suna, ya riƙa amsawa har suka gaji. Amma mata suka fara sallama a gidan Inna Atine da sunan aron turmi, su ƙare da tambaya a kan wani ɗa ko wani miji da ke ɗakin baya. Mudi ba ya ba kowa magani, ba ya kuma cewa kowa ya yi azumi ko ya bari. Abin da yake yi shi ne, da watan Sha'aban ya kama sai ya bi gidajen, ya tattara mutanensa ya raka su wurin likita a daidaita musu lokutan sha. Yakan yi wa tsofaffin da Larabcinsu bai nuna ba tafinta. Idan ma'aikaci ya juya yana tambayar dangi, Mudi yakan ce ga mai ciwon nan zaune, yana da kunne yana da baki. Da yaƙi ya koro mutane daga Khartum da Madani, magani ya yi wuya a gari, shi ne ya riƙa zagaya shagunan magani da ƙafa yana kawo labarin inda aka samu. Ciwon nasa ma bai tafi ba. Matarsa Hajjo tana lura da barcinsa. In ta ce masa kwana biyun nan bakinsa ya yi yawa, ba ya musu, yakan rufe rumfa ya tafi asibiti.

Cikin waɗanda yaƙin ya dawo da su akwai Eltayeb, ɗan Abuelgasim mai shagon hatsi. Ya tafi jami'a unguwa tana alfahari da shi, ya dawo yana jin muryoyin da ba wanda ke ji. Uban ya ware masa bukka a bayan gida. Ba mugu ba ne. Da hannunsa yake kai masa abinci. Amma duk wanda ya tambaya sai ya ce yaron yana ƙauye wurin kawunnansa, unguwa kuma ta yi kamar ta yarda.

Da ƙyar Mudi ya samu aka bar shi ya kai Eltayeb asibiti, ta ƙofar baya. Magani ya karɓe shi. Kafin azumi ya kama, muryoyin sun yi nisa, ya fara karatu, yana wasa da ƙannensa. Likita ya ce bana kada ya yi azumi. Abin da ya rage ya fi damunsa shi ne magariba: yakan ji ƙarar siniyoyi ana fita da su, ya ji dariyar maza a titi, shi kuma yana zaune da kwanonsa shi kaɗai. Ya gaya wa Mudi cewa a wannan lokacin ne yake tunanin ina amfanin shan maganin, tun da mai lafiya da marar lafiya duk bukka ɗaya ce. Mudi ya san inda irin wannan tunani ke kai mutum.

Ya je shago ya sami Abuelgasim. Uban ya saurare shi, ya ce yana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba, ya ce mutane ba sa mantuwa. Ya ce Mudi daban ne, shi ya riga ya saba.

"Kawu, ba sabawa na yi ba," in ji Mudi. "Kullum sai na ji nauyinta kafin in ajiye ta. Ajiyewa kawai nake yi."

Abuelgasim ya ce a bari sai baɗi.

To, akwai wata al'ada a shimfiɗun bakin hanya. Idan rana ta kusa faɗuwa, mutum biyu sukan warware rawani su ja shi daga wannan gefen titi zuwa wancan. Lori ne, bas ce, mai jaki ne, mai tafiya a ƙasa ne, ba wanda ke wucewa sai ya sauka ya buɗe baki. Direba ya yi ta rantsuwa yana sauri, ba mai saurarensa. Barin mutum ya wuce da yunwa a wannan sa'a abin kunya ne ga unguwa duka. A tasu shimfiɗar, Modibbo da Abuelgasim ne ke riƙe rawanin.

Ranar da Eltayeb zai koma ganin likita da la'asar, suna fitowa Mudi ya ce masa ga raksha nan, za ta kai su ƙofar baya kamar kullum. Ko kuma su taka da ƙafa a hankali ta babban titi, su isa unguwa daidai magariba. Ya gaya masa sarai abin da hakan ke nufi, ya ce uban zai iya fushi da su duka biyun, kuma shi ba zai matsa masa ba. Eltayeb ya tsaya yana kallon rakshar har wani ya shige ta. Sai ya gyara hularsa ya kama hanya.

Sun iso an ja rawani. An riga an tare wata lori da ta ɗauko dawa, direban yana wanke hannu yana gunaguni. Eltayeb ya tako tsakiyar titi har ƙirjinsa ya kusa taɓa farin ƙyallen, ya tsaya. Maza suka ɗago kai ɗaya bayan ɗaya. Mudi yana ganin hannun Abuelgasim: ƙyallen ya saki kaɗan, ya yi ƙasa, kamar zai ba da hanya. In ya sake shi, ɗansa zai wuce ya zaga ta baya, ya zama mutum na farko da unguwar ta bari ya wuce.

Modibbo ne ya fara magana, bai ko dubi uban ba. "Kai Bahaushe, wannan baƙon daga ina ka samo mana shi?"

"Daga ƙauye, Baba Modibbo," in ji Mudi. "Wurin kawunnansa."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Wani daga can ƙarshen tabarma ya ce ai an ce yaron ba ya azumi. Modibbo ya ce tun yana saurayi yake tare hanyar nan, bai taɓa tambayar matafiyi ko ya ɗauki azumi ba kafin ya zaunar da shi, ba kuma yau zai fara ba. Sannan ya ja nasa gefen rawanin ya ɗaga, ya jira.

Abuelgasim ya dubi ɗansa. Yaron bai sunkuyar da kai ba. Sai uban ya naɗe ƙyallen a tafin hannunsa, ya ja shi ya miƙe, ya faɗi abin da yake faɗa wa kowane direba: "Wallahi ba ka wucewa. Sauka."

Ladan ya kira. Aka matsa wa Eltayeb wuri tsakanin Mudi da mahaifin Osama. Mudi ya ajiye ƙwayarsa gefen dabino kamar kullum. Eltayeb bai fito da tasa ba a ranar, ba kuma wanda ya ce ya fito da ita. Ya ci tuwon asida, ya sha hilu-mur, direban lorin ya tambaye shi me yake karantawa, ya ce lissafi, suka shiga gardamar buhu nawa lori ke ɗauka in hanya ta jiƙe.

Abuelgasim ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwar Mudi da kyau. Amma bai sake kai kwano bukkar baya ba. Kafin goman ƙarshe Modibbo ya fara kukan kafaɗa, ya ce tsufa ya hana shi jan ƙyalle, ya miƙa wa Eltayeb gefensa. Uba a wannan gefen titi, ɗa a wancan. Mudi yana daga ƙarshen tabarma yana kallonsu suna tare wata bas da ta fito daga Doka, Eltayeb yana rantse wa direban cewa ba inda za shi. Ya sa hannu a aljihu ya zaro ƙwayarsa.