Ranar da na auna gonar Baffa

Da ana mayar da rana baya, akwai wata Asabar a farkon daminar 1994 da zan so in koma in zauna a gida. Ina aji shida a lokacin, a wata firamare da ke Yindiski, kuma a makon ne malamin lissafi ya shigo da doguwar rula ta katako, ya ɗaga ta sama ya ce wannan ita ce mita, da ita duniya take awo daga Legas har Makka. Ya sa muka auna ajinmu, muka auna filin ƙwallo. Abin ya shiga raina ƙwarai. Na samo tsohuwar igiyar guga, na gwada ta da rular malam, na yi ƙulli a kan kowace mita. Ranar Asabar na rataya ta a kafaɗa na bi Baba gona a Danchuwa.

Kafin zuwan rular nan, jikin mutum ne ma'auni a gidanmu. Kaka, mahaifiyar Baba, da kamu take auna zane, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Zurfin rijiya da gaba ake faɗinsa. In an yi ruwan shuka, Baba zai tona ƙasa da hannu ya dawo ya ce ya shiga ɗani guda, gobe a fita. Hatsi kuwa sai mudu da tiya, kuma Kaka na da wani kwanonta mai lotsattsen baki da ta fi yarda da shi a kan na kasuwa. Mu yara ma haka muke. In muka je kallon shanu a kara muka dawo, cewa muke mun ga bijimi mai tozo kamar tulu, kuma ba wanda zai tambayi wane tulu.

Gonar gado ce. Kakanmu ya raba ta biyu tun yana raye, tsakanin Baba da ƙanensa Baffa Gimba, ya dasa gamba a kan iyaka. Rabon Baba yana gangare, inda ruwa ke kwanciya, ƙasar baƙa. Na Baffa yana tudu, jigawa ce mai yashi. Tare suke noma, yau a wannan gobe a waccan, da shanun huɗa biyu da suka haɗa suka saya. Gida ɗaya muke, kuma kowace yamma a zaure suke cin tuwo a akushi ɗaya, mu yara maza muna gefe da namu.

A ranar, suna huɗa, ni kuwa na bar awakin da aka ba ni kiwo na bi gonakin biyu da igiyata, ina kafa tsinke ina ja. Baffa ya hango ni ya yi dariya, ya ce ɗan boko ya zama safiyo. Da yamma, ana tsakiyar cin tuwo, na buɗe baki ina jin kaina na ce gonar Baffa ta fi ta Baba faɗi da mita talatin da wani abu. Na faɗa ne don a yaba mini.

Ba wanda ya yaba. Baba ya tsaya da loma a hannu. Kaka na zaune a bakin ƙofar cikin gida tana tsince wake, ta ce: "Kai, rufe bakinka. Kakanka ba ƙasa ya auna ba, dami ya ƙirga. Ya ba mai yashi fili da yawa don rumbunansu su cika daidai." A nan ya kamata in yi shiru. Sai na ce mata ai dami ba ya cikin littafi, wani babba ne wani ƙarami, mita kuwa ba ta ƙarya. Yara suka yi dariya. Baffa ya wanke hannu ya tashi bai ƙoshi ba.

Baba ya san tun tuni cewa gonar ƙanensa ta fi faɗi, ido ma na gani. Sai dai bai taɓa jin abin da lamba ba, kuma lambar ta zauna masa a rai. Ya fara zancen yawan 'ya'yansa, ya fara tsayawa a kan iyaka yana kallon tudu. Ba su yi faɗa ba, ko sau ɗaya ban ji an ɗaga murya ba. Bayan girbi Baffa ya ɗauki fartanya ya tumɓuke gambar nan da hannunsa, ya mayar da ita sama, ya ce: "Yaya, ga mitocin naka."

Abin da Baba ya samu yashi ne, geron da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba. Amma a wajen Baffa shi ne abin da ke kai shi ƙarshen damina. Shekara ta zagayo rumbunsa ya ƙare kafin sabon hatsi, kuma ya ƙi karɓar ko tiya ɗaya daga namu. Aka sayar da shanun huɗa aka raba kuɗin. Daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma Nangere wajen surukansa. Suna haɗuwa a suna da ta'aziyya, su gaisa da mutunci, amma akushin nan ba su sake sa hannu a cikinsa tare ba har Baba ya rasu.

Karatuna bai wuce firamare da nisa ba. Yau ina sayar da yadi a kasuwa, tef na rataye a wuyana tun safe, jikokin Kaka kuma da kilo suke sayen shinkafa. Ban ce awon zamani ba shi da amfani ba, igiyata ma daidai ta auna. Abin da ban tambaya ba shi ne dalilin da ya sa aka dasa gambar a inda take. Na je Nangere na nemi gafarar Baffa yana tsufa, ya dafa kaina ya ce yaro ne ni a lokacin, ya sa aka kawo tuwo muka ci tare. Wurin Baba a gefen tabarmar ba kowa.

Don Allah, in kun tarar da iyakar da magabata suka shata, ku tambayi dalili kafin ku ɗauko igiya.