Ruwan sama a motar Kawu Bello

Jama'a, yau an yi ruwa a Bodinga, amma a cikin mota guda kawai!

Asabar, bakwai na safe. Ni da Inna muna ƙofar gida sai ga Kawu Bello, dillalin dabbobi, ya iso daga Shagari don sunan jikansa. Kun san bas ɗin da ya sa wa katifa yake kwana a ciki. Saboda sanyi ya liƙe tagogin da leda, ya ƙara labulen bargo.

Ya buɗe ƙofa. Gilas na tsiyaya, rufi na ɗiga! Babbar rigarsa ta suna, mai sitaci, ta jiƙe sharkaf.

Ya ce, "Wanga ruwa daga ina, ba ko hadari?"

Inna ta ce, "Aljanu ne, a kira Malam!"

Na ce, "Kawu, numfashi ne ya rasa mafita. Ku nawa kuka kwana?"

"Ni ɗai!"

Sai aka yi atishawa a bayan labule. Ragon suna ne, da tumaki biyu. Wai kada su yi mura!

Kawu ya halarci suna da jallabiyar aro. Ledar kuwa ya ce ba mai taɓa ta.