Ranar da Na Kama Sunan Ɗan Farina

Ni ba mai shiru ba ce, duk wanda ya zauna da ni ya sani. A tsohon garinmu na bakin gulbi, kusa da Maradun, in aka ji hayaniya a bakin rijiya ba a tambayar ko wace ce. Mijina, Allah ya jiƙansa, cewa yake da a ce baki na noma, da ni kaɗai na ciyar da gari. Amma rana ɗaya tak da aka bukaci in buɗe bakin nan, sai na rufe shi gam.

Da aka tare gulbi aka gina madatsar Bakolori, ruwa ya cinye garinmu da gonakinmu. Aka kwashe mu aka zube a kan wani tudu mai tsakuwa, gidaje a jere, kowanne da lamba a jikin ƙofa, babu ko itace ɗaya da akuya za ta raɓa. Rijiyar da aka haƙa mana ba ta yi wata uku ba ta ƙafe. Muka koma shan ruwan wani rami da motocin kamfani suka bari bayan sun ɗebi ƙasa, mu sha, jakuna su sha. Maza kuwa, tunda babu gona, suka watse ci-rani. Mijina na cikinsu.

Ina da ɗa na fari, lokacin yana da shekara goma sha tara. Wanda bai san mu ba zai ce ƙinsa nake yi. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa fara'a a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Kunya ke nan, kuma da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Tun da aka yaye shi yayar mijina ta ɗauke shi riƙo, ita yake ce wa Inna. Ni kuwa "wancan" nake ce masa. Ya tashi dogo, mai wushirya, ya tura baro a wurin aikin madatsa har aka sallame su. In ya shigo gaishe ni sai in juya baya in kama wanke tukunyar da na riga na wanke. Yana fita in leƙa ta kafar zana, in yi ta kallon ƙeyarsa har ya sha kwana.

Da farkon damina amai da gudawa ya shigo mana. Rediyo ta ce ba mu kaɗai ba ne, annoba ce da ta ratsa ƙasashe. Mu dai abin da muka gani shi ne mutum ya tashi garau da safe, kafin la'asar idanunsa sun faɗa, fatarsa in ka ja ba ta komawa. Gwaggonsa na cikin na farko. Shi ya yi jinyarta, shi ya wanke tsummokaranta, shi ya kama makararta. Kwana uku da binne ta, shi ma ya kwanta, shi kaɗai a gidan.

Na dama kunu na kai, na ajiye a bakin ƙofa, na yi gyaran murya na dawo. Ku ji fa! Ɗana na ciki yana kakarin amai, ni ina waje ina gyaran murya.

A ranar aka yi shela a rediyo cewa gwamnatin jiha ta buɗe wurin jinya a Talata Mafara, inda ake ƙara wa mutane ruwa ta jijiya, kuma mota za ta zaga ƙauyuka ta kwashi marasa lafiya. Na yi tsaki. Mutanen da suka yi mana alkawarin rijiya? Sai ga shi washegari da hantsi mota ta zo da gaske, babbar mota an shimfiɗa tabarmi a bayanta. Wallahi sai da na ji kunyar tsakin da na yi.

Aka tara mu a ƙofar mai gari, mata da tsofaffi, don su ne suka rage. Surukina, mahaifin mijina, yana zaune a kan buzu a gefen mai gari. Ya tsufa ƙwarai, ba ya ji sosai. Malamin asibiti ya sauko da ƙyalle ɗaure a hanci da takarda a hannu. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Da ganin idanunsa ya kwana biyu bai huta ba. Ya riƙa kiran lambar gida, masu gida na faɗin wanda ke kwance, ana ɗauko shi.

Da ya kira lambar gidan marigayiyar, maƙwabciyata ce ta amsa. Taubashiyata ce, kullum muna cikin tsiya da juna. Ta ce, "Akwai saurayi kwance ciki, jikin ya yi tsanani."

Malamin ya ce, "Ba ma ɗaukar mutum sai da mai jinyarsa. Can babu mai wanke wa wani, kowa da nasa. Ina uwarsa?"

Kowa ya sunkuyar da kai, babu wanda ya dube ni, don su ma kunyata suke taya ni. Mai gari ya ce, "Uwar riƙonai ta rasu, malam."

"To, wa ke gare shi?"

Maƙwabciyata ta mintsine ni a cinya har sai da na ji zafi. Ita ba za ta iya ba, mijinta na cikin motar, shi za ta bi. Ta raɗa mini, "Ke, uwar surutu, yau ba ranar kunya ba ce. Tashi!"

Na ce, "Bar ni."

Abin da ake so in yi bai fi in miƙe in ce ni ce uwarsa ba. A gaban surukina, a gaban gari. Sannan in hau mota in rungume kansa a cinyata kowa na gani. Na yunƙura zan miƙe. Sai na tuna uwata, wadda har ta mutu ba ta taɓa kama sunan yayana ba, ana kuma yabonta da haka. Na ce a raina, akwai ƙanin mijina a Maradun, sai in aika masa, shi ya dace. Na ja mayafi na rufe fuska.

Malamin ya ɗan jira, ya duba agogo. Ya ce, "A nemo mai jinya. Jibi za mu dawo. A riƙa ba shi ruwa da ɗan gishiri da sukari." Sukari! A garin da ko gero ya yi wuya.

Motar na tashi, mutane na watsewa, na wuce kai tsaye ɗakinsa. Abin da na kasa yi ɗazu, yanzu na yi shi ba ko tunani, tunda babu ido. Ƙwaryar kunun jiya na nan a bakin ƙofa, ƙudaje sun rufe ta. Da na ga yadda ya koma, wannan dogon yaro ya tsotse ya lafe a tabarma, sai na fito da gudu ba mayafi, ba takalmi, har bakin hanya, ina kururuwa a tsaya. Motar ta riga ta haura tudu. Sawun tayarta kawai na tarar a cikin laka.

Na koma na wanke shi. Rabon da in taɓa jikinsa tun ranar yaye. Na ɗora kansa a cinyata ina ɗura masa ruwa da ludayi, yana dawowa da shi. Wanda na aika Maradun ya dawo ya ce ƙanin mijina ya tafi Bakura sayen dabbobi, ba a san ranar dawowarsa ba. Washegari da azahar yaron ya buɗe ido ya ce, "Inna, ruwa." Na san ba ni yake kira ba, amma na amsa. Kafin la'asar ya cika.

Jibin ta zo, mota ba ta zo ba. Na so in yi musu Allah ya isa, sai na tuna ko da ta zo babu abin da za ta ɗauka. Mijin maƙwabciyata ya dawo bayan mako da ƙafarsa, a rame amma da rai. Na je na yi masa barka. Ita ta kasa haɗa ido da ni, kuma daga ranar tsiyar da ke tsakaninmu ta mutu.

Sai bayan Juma'a biyu motar ta dawo, wannan karon da buhunan gero da sabulu da wani farin gari da aka ce a zuba a rijiya, mu da ba mu da rijiya. Wani babban mutum daga Sakkwato ya tsaya a nesa da mu ya yi jawabi, ya ce gwamnati na tare da mu, ta kawo tallafi ga gidajen da suka yi rashi. Aka ajiye tebur. Akawu ya ce kowane gida a faɗi sunan mamaci, a faɗi dangantakarsa da mai karɓa.

Ya kira lambar gidan da ɗana ya rasu. Mai gari ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi. Na miƙe tsaye na kama sunan ɗana, da ƙarfi, yadda nake yi a bakin rijiya, har surukina da ba ya ji ya ɗago kai. Na ce, "Ni ce uwarsa. Ni na haife shi."

Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Subhanallahi, kunya ta ƙare a duniya." Na juya na dube ta. Ina da amsa, ni da ban taɓa rasa amsa ba, amma na ga amsar ba za ta tayar da mamaci ba.

Akawun bai ko ɗaga ido ba. Ya rubuta, ya sa na dangwala yatsa. Aka auna mini mudu biyu na gero a gefen zanena, aka ɗora sabulu guda a kai.

Na yi niyyar ba zan ci ba. Na ajiye shi a kusurwar ɗaki, na rufe da faifai. Amma akwai ƙannensa uku a gidan, kuma rumbu babu komai. Rana ta uku na daka shi. Kwana huɗu ya yi mana.