Ranar da Baba Ya Nome Ciyawar Masauki

Shekarar da hawan jini ya kayar da Baba a gonarsa ta bayan Samaru, Yayanmu da ke aiki a Legas ya yanke hukunci ta waya: noma ya ƙare. Ya sa aka kwaso fartanyoyi da garma aka jibge a gidana a Sabon Gari, aka haɗo da Baba. Gonar kuwa, ya ce kafin damina za a ba wani haya. Ina wurin likita ya yi magana, cewa ya yi a rage wahala, bai ce a daina ba. Amma Yaya shi ne babba, in ya faɗa ta zauna.

Wata huɗu Baba na zaune a ƙofar ɗakina yana kallon masu Keke Napep suna wucewa zuwa unguwar PZ. Mutumin da ke tashi da malmala uku ya koma loma biyu ya ture kwano. Ko coci sai na yi ta lallashi. In na dawo daga makarantar da nake koyarwa na gaishe shi, da ka yake amsawa. Na gaya wa Yaya tsohon nan fa bushewa yake yi a zaune. Sai ya ce hutu na gaske yake buƙata, ya ma samo wuri, wani gidan gona a bakin teku, gaba da Legas, inda mutanen birni ke zuwa su yi kwanaki su sha iska.

Na ce, "Yaya, ka hana mutum gonarsa, sannan ka kai shi kallon gonar wasu?"

Ya ce, "Ke dai ba kya rabo da musu. Ki shirya shi kawai."

Wurin kam ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ɗan gida ne mai ɗaki biyu a tsakiyar gonar rogo da itatuwan kwakwa, ga kaji suna yawo, ga rugugin teku ana ji daga bayan itatuwa. A ƙofar gidan an shimfiɗa ciyawa kore shar, gajera, an aske ta daidai wa daida. Mai wurin wata dattijuwa ce 'yar can, da Turancin buroka muke magana da ita, tunda ni a Sabon Gari na girma. Yaya ya ajiye mu ya koma aiki.

Na kai Baba ya ga teku. Ya dube shi sau ɗaya ya ce, "Ruwan da ba a sha, ba a ban ruwa da shi." Ya juya. Amma da muka dawo ya daɗe tsaye a kan ciyawar nan, sannan ya tambaye ni game da mai wurin.

"Baiwar Allan nan ba ta da kowa ne?"

Na ce mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna birni. Ya girgiza kai ya ce, "Shi ya sa."

Ban kawo komai a raina ba, alhali ya kamata in gane. A wurinmu ciyawa a ƙofar gida abin kunya ne, tana nuna gidan babu mai kula da shi, ga kuma jawo macizai. Kuma a tarbiyyar Baba, baƙo ba ya cin tuwon gwauruwa ya tafi ya bar mata ƙofa a haka.

Safiya ta uku ƙarar fartanya ta tashe ni. Na fito na tarar da Baba a sunkuye, ya samo wata guntuwar fartanya a bayan akurkin kaji, ya nome rabin ciyawar tas, ya tara ta tsibi-tsibi. Gumi ya jiƙa masa riga, yana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Na buɗe baki zan hana shi, sai ya ɗago ya dube ni yana murmushi. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin ya kwanta asibiti. Na san sarai ciyawar ado ce, da gangan aka dasa ta. Duk da haka na ɗauko kwando na shiga kwashe masa.

Mai gidan ta iso ta ɗora hannu a ka tana salati irin nasu. Ta ce shekara biyu tana rainon ciyawar nan, a kanta baƙi ke ɗaukar hoto! Baba ya zaci godiya take yi, ya ce, "Ki ce mata ba komai, yi wa kai ne." Na ba ta haƙuri, na yi mata bayani, amma ta riga ta kira Yaya.

Da yamma ya iso a fusace. Ya same mu Baba ya cinye malmalar teba biyu da miyan kifi, yana tambaya ko da saura. Yaya ya ja ni gefe.

"Kina tsaye kina kallo? Har da taya shi? Da ya faɗi fa?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wata huɗu yana ƙarewa a gabana, ba ka gani ba don ba ka nan. Yau ne kawai na ga ubana. Muna komawa zan mayar masa da fartanyarsa, gonar kuma ba mai karɓar ta haya."

"To, duk abin da ya same shi, a wuyanki."

"Na ɗauka."

Tunda nake ban taɓa mayar wa Yaya magana haka ba. Sauran kwanakin ni da mai gidan muka yi ta mayar da ciyawar guntu-guntu muna ba ta ruwa, ta huce har tana tsokanar Baba. Shi kuwa yana zaune yana mamaki, wai yau ga mutane da hankalinsu suna shuka ciyawa. Kullum sai ya tambaye ni yaushe za mu tafi, ruwa ya kusa sauka a gida.

Damina uku Baba ya yi a gonarsa. Ban bar shi haka kawai ba, na sa ido kan maganinsa, na hana shi fita in rana ta take. A ta ukun, masara ta kai gwiwa, wani maƙwabcin gona ya same shi kwance, rai ya yi halinsa.

Bayan mun dawo daga maƙabarta Yaya ya ce da ni a gaban mutane, "Kin ga abin da na faɗa."

Na ce, "Na gani, Yaya. Ko yau aka mayar da shi, haka zan sake yi."

Na yi kuka, har yanzu ina yi, kuma tsakanina da Yaya sai gaisuwa. Washegarin jana'iza na hau mota zuwa Samaru ni kaɗai, na ce maƙwabcin ya nuna mini wurin. Kunyar da Baba ya kama ranar doguwa ce. Na bi ta da ƙafa tun daga farko, babu ciyawa ko ɗaya. Sai da ya kai ta ƙarshe sannan ya kwanta.